Sailuba Mai Daddawa da Gindin Ganuwa

Duk wanda ya zauna a unguwar Wambai tun garin nan yana amsa sunan Abuja ya san gidan Sailuba mai daddawa. Ko bai san ƙofar ba, hancinsa zai kai shi. Mace ce gajeriya mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta ya yi kanta saboda murzar kalwa. Ba ta da yawan magana, ba ta da yawan dariya, kuma ba wanda zai ce ya taɓa ganin hawayenta. Ranar da aka fita da gawar mijinta Almu, mata suna ta kururuwa a tsakar gida, ita kuwa tashi ta yi ta je ta rage wutar tukunya don kada kalwa ta ƙone, sannan ta dawo ta zauna a inda ta tashi.

Abu ɗaya ne matan unguwa suke yi mata tsegumi a kai, wato 'yarta Asama'u, wadda kowa ya ɗauka ita ce 'yar fari. Mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ma an kawo maganarsa sai ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba. Sailuba kuwa tun yarinyar tana rarrafe take ƙwala mata kira gatsal, har a jiyo a maƙwabta.

"Ke dai da ake rabon kunya kina rafi wankin kalwa," in ji Daso, maƙwabciyarta, wadda aure ya kawo unguwar daga baya. "'Yar fari guda, kina kiranta kamar mai kiran akuya!"

"To," in ji Sailuba. Amsarta ke nan kullum.

Katangar bayan gidan ba irin ta sauran gidaje ba ce. Wani tudu ne na jar ƙasa mai kauri, wanda ya fi tsayin mutum, iyayen Almu suka jingina gidansu da shi don su huta da gina ɓangare guda. Tsofaffi sukan ce ragowar ganuwar gari ce, amma ba wanda ya ɗauki maganar da wani nauyi. Ta waje juji ya binne shi, ƙaya da tumfafiya sun rufe sauran. Ta ciki kuwa, a gindinsa Sailuba ta jera murahunta da tukwanenta, nan take ɗaure akuya, nan take shanya. Wuri ɗaya ne kawai, bai fi faɗin faifai biyu ba, da ba ta taɓa ɗora wa komai ba. Ba ta hura wuta a nan, ba ta zubar da ruwan wanki. Kullum da safe takan share shi, ta wuce.

A nan ɗanta na fari yake.

Shekarar da aka kawo ta gidan ta samu ciki. Ana shirin mayar da ita gidan iyayenta ta haihu a can, sai naƙuda ta riga shirin, aka samu bakwaini, namiji. Almu ya yi masa huɗuba a kunne. Yaron bai kai ranar suna ba. Uwar mijinta ce ta wanke shi, Almu ya haƙa rami a gindin tudun kamar yadda ake yi wa jarirai a wancan lokaci, aka kife masa ɓarin tukunya, aka mayar da ƙasa. Tsohuwar ta dubi Sailuba ta ce, "Kada in ji kuka. Na fari ne, ki haɗiye." Ta haɗiye. Yayan mijinta, Malam Nata'ala, yana Jos wajen haƙar kuza a lokacin, ba a kuma ga dalilin aika masa ba. Tsohuwar ta rasu, ungozomar da ta karɓi haihuwar ta rasu, Almu ya bi su. Sai ya zama a duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san abin da ke ƙarƙashin wannan sharar, ita kuwa al'ada ta ɗaure mata baki, har ta manta yadda ake kwance shi.

A 1977 garin ya cika da baƙi. An ce za a gina sabon birnin tarayya a nan kusa, har ana ta raɗe-raɗin garin zai ba da sunansa ya ɗauki wani. Malam Nata'ala, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya sa 'yan haya a ɗakunan da ba kowa. Daddawa ta yi kasuwa, don masu tuwon sayarwa sun yawaita. Wata rana da hantsi sai ga katafila tana fasa sabuwar hanya ta bayan unguwar. Ta ture jujin, ta tumɓuke ƙayar, sai ga abin da ya daɗe a ɓoye ya fito fili: bango mai kauri, da jerin manyan duwatsu a gindinsa, ga sawun yatsun maginan da suka yaɓe shi suna nan a jiki. Direban ya kashe inji. Kafin azahar mutane sun yi cincirindo, tsofaffi suna nuna wa jikoki, kowa yana ba da labarin kakansa da ya ɗauki ƙasa a ka. Daga baya wasu ma'aikata suka zo daga Minna suka duba, aka karkatar da hanyar, aka ce wannan guntu shi ne mafi lafiya a abin da ya rage, kuma za a adana shi.

Sailuba ba ta fita kallo ba. Tana jin hayaniyar ta bayan tudun tana tsince tsakuwa daga kalwa.

Ba a daɗe ba Malam Nata'ala ya yi gyaran murya daga zaure. "Ku kimtsa, za a shigo da baƙi."

Ya shigo da wani saurayi safiyo mai suna Segun, da masu riƙe masa igiyar awo. 'Yan haya suka fito bakin ƙofofinsu. Daso ta leƙo ta kan danga, don ba a yin abu a unguwar ba ta.

"Sannu Mama," in ji Segun, ya ɗan rusuna. "Kai, wannan ƙamshi ya kai har titi."

"Ƙamshi ka ce ko wari?" in ji Daso. "Faɗi gaskiya, ɗan nan, ba za mu kai ka ƙara ba."

"Ƙamshi ne, Mama! Uwana ma yana yi a garinmu. Da shi ya biya min makaranta."

Aka yi dariya. Sannan ya yi bayani, Malam Nata'ala yana gyara masa inda Hausar ta ƙare. Ruwan sama ne ke cin ganuwar daga gindi. Za a haƙa kwata ta bi gindinta ciki da waje, a zuba siminti, sannan a kewaye da waya. Za a ɗan ci bayan gidan, tukwane sai su matso gaba.

"Abu ɗaya nake tambaya a kowane gida," in ji Segun. "Akwai wani abu a ƙasa? Tsohon shadda? Rijiya? Ko an binne mutum? In akwai, a faɗa yanzu, mu kauce masa. Ba matsala."

"A gidan nan aka yanke min cibiya," in ji Malam Nata'ala. "Ba abin da za ku tarar sai kashin awaki. Amma ga mai wurin nan. Sailuba, akwai wani abu?"

Duk idanu suka dawo kanta. Ga yayan miji a tsaye, ga baƙin maza, ga 'yan haya, ga Daso a kan danga. Maganar tana nan a bakinta, ba ta da tsawo. Sai dai kafin ta fita dole ta ce ɗanta na fari, a gaban duk waɗannan. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuska.

"Babu," ta ce.

"Madalla," in ji Malam Nata'ala.

Aka ja igiya, aka kafa turaku. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa a tsakiyar wurin da take sharewa. Tana tsaye tana kallo aka buga shi da dutse har ya nutse rabi. Ba ta ji komai ba. Abin da ta lura da shi kawai shi ne turken ɗanyen itace ne, ruwa yana tsattsafowa daga inda aka fere shi.

Kwanakin da suka biyo baya ta ci gaba da aikinta. Ta je rafi, ta dawo, ta ba masu tuwo kayansu. Da safe takan share gefen turken ta zagaye shi. Sau ɗaya ta je har bakin zaure ta durƙusa ta gaida Malam Nata'ala.

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Yaya. Dama..."

"Ina jin ki."

"Dama akuyar nan ce. Ban san inda za a ɗaure ta ba."

"Akuya? Ki ɗaure ta a gindin zogale mana. Wannan ne ya kawo ki?"

"Shi ne."

Ta koma ciki. A ranar ce Daso ta jiyo ƙauri, ta zagayo da gudu ta tarar da ita zaune a kan turmi, tukunya tana hayaƙi a gabanta, ruwan ya ƙafe ƙaf.

"Innalillahi! Sailuba! Kalwa tana ƙonewa kina kallo? Ke da ko ranar mutuwar Almu ba ki bari ta kama ba?"

Sailuba ta dubi tukunyar. "Ta ƙone," ta ce.

"Na ga ta ƙone! Me ke damun ki?"

"Ba komai."

Daso ba ta yarda ba. Ta aika Kwamba aka kira Asama'u, wadda ke aure a can, aka ce ta zo ta taya uwarta kwashe tukwane, ta kuma dube ta da kyau.

Asama'u ta iso da safiyar ranar da za a fara haƙa, da goyo a baya. Ta tarar leburori sun riga sun shigo. Shugaban leburorin, Chinedu, haifaffen Zariya ne, Hausa a bakinsa kamar ta gado. Ya raba mutanensa biyu, wasu daga wannan kusurwa, wasu daga waccan, su haɗu a tsakiya. Diga tana sauka, shebur yana kwashewa.

Sailuba ta fito daga ɗaki da 'yar tabarma da faifan kalwa. Ta tsallake igiyar, ta shimfiɗa tabarmar a jikin turken nan, ta zauna, ta miƙe ƙafa, ta fara tsince tsakuwa.

"Mama, a nan za mu bi fa," in ji Chinedu.

Ba ta ɗago ba.

"Bar ta, kafin mu iso ta gama," in ji wani lebura. "Ko inuwar take so."

"Wace inuwa?" in ji na kusa da shi. "Rana ce tsantsa a wurin."

Suka ci gaba. Rana ta ɗaga, ramin yana matsowa ta dama da hagu. Jar ƙasa ta fara faɗowa a gefen tabarmarta, ta sa hannu ta kaɗe. Ta gama tsince faifan, ta sake farowa daga farko, ko da yake ba sauran tsakuwa a ciki. Da ya rage bai fi taku uku ta kowane gefe ba, leburorin suka dogara da digoginsu suka tsaya.

"Mama, don Allah," in ji Chinedu, ya tsuguna a gabanta. "In kuɗi kika binne, mu juya baya ki tone abinki, wallahi ba mai kallo."

"In kuɗi ne a raba da ni," in ji Daso daga kan danga. Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta ƙara ba.

Aka kira Malam Nata'ala, Segun yana biye da shi.

"Sailuba, mene ne haka? Aikin hukuma ne fa. A gabana aka tambaye ki kika ce babu komai. Tashi."

Ta ci gaba da juya kalwa a faifai.

"Magana nake yi miki!"

"Na ji, Yaya."

"To tashi mana."

Ba ta tashi ba. Ba gardama a fuskarta, ba roƙo. Zaune kawai take, kamar an dasa ta.

Asama'u tana tsaye a bakin igiyar tana jijjiga goyonta. Tana kallon inda uwarta ta zauna, sai wani abu ya dawo mata. Tana 'yar ƙarama ta taɓa tsugunawa a daidai wurin za ta yi fitsari, uwarta ta fizge ta ta kwaɗa mata mari, marin da ba ta taɓa yi mata irinsa ba, ba ta kuma sake ba. Ta tuna tsintsiyar kowace safiya. Ta tuna yadda 'yan'uwanta 'yan fari suke ƙorafin iyayensu ba sa kiran sunansu, ita kuwa nata sunan har ya gaji da fita daga bakin uwarta.

Ta tsallake igiyar, ta durƙusa dab da ita, ta rage murya.

"Inna. Ni ce ta fari?"

Hannun Sailuba ya tsaya a cikin faifan.

"Inna, ki dube ni. Ni ce ta fari?"

"Yaushe kika taɓa jin na ɓoye sunanki?" in ji Sailuba, idonta a kan kalwa.

Asama'u ta daɗe a durƙushe. Yaron da ke bayanta ya fara ƙananan kuka, ba ta jijjiga shi ba.

"Mace ko namiji?"

Sailuba ta ɗan juya kai ta dubi ƙafar jaririn da ta leƙo daga zanin goyo. Namiji ne. Asama'u ta gane.

Ta miƙe ta fuskanci mazan. "Baffa," ta ce da Malam Nata'ala, "yayana ne a nan."

Wani lebura ya janye digarsa daga bakin ramin a hankali ya kwantar da ita.

"Wane yayan naki?" in ji Malam Nata'ala. Sai kuma ya dafe kai. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekarar da na dawo daga Jos na tarar da ke a rame, Iya ta ce min zazzaɓi kika yi." Ya dubi Sailuba. "Shekara talatin da wani abu, muna gida ɗaya?"

Bai jira amsa ba, don ya san ba tambayar da za ta amsa masa ba ce. Daso ta sauka daga kan danga, ba a sake jin muryarta ba a ranar.

"Amma Mama, na tambaya," in ji Segun, fuskarsa duk ta dame. "Da bakina na ce ko an binne mutum."

"Ka tambaya," in ji Chinedu. "A gaban yayan mijinta ka tambaya, da mu duka. Na fari ne. Ko wuƙa ka sa mata ba za ta faɗa ba."

Segun ya cire hularsa, ya tsaya yana duban igiyar. Sannan ya je da kansa ya kama turken, ya girgiza shi a hankali har ya fito, ya cike ramin da tafin hannunsa. Ya matsar da igiyar zuwa cikin gida, ta zagaye tabarmar. Ya ce kwatar za ta iya lanƙwasawa, ruwa zai bi. Waya ce ba zai iya canzawa ba: dole ta bi bayan kwatar, wurin zai kasance a ciki tare da ganuwar, kuma ƙofarta tana can ta bakin hanya, da kwaɗo.

"Ba mai taɓa shi har abada, Mama," ya ce. "Amma ke ma ba za ka iya shiga ba."

"To," in ji Sailuba.

Ba ta tashi ba sai da suka haƙa lanƙwasar suka gama, ramin dama ya haɗu da na hagu a gabanta. Sannan ta naɗe tabarmarta, Asama'u ta miƙa mata hannu ta tsallako.

Da la'asar suna zaune su biyu suna jera tukwane a sabon wurinsu, Asama'u ta ce, "An yi masa huɗuba?"

"An yi."

"Wane suna?"

Sailuba ta ɗauki murfi ta goge da gefen zani. "Na tsohon gidan nan," ta ce. Sunan mahaifin mijinta ne, shi ma ba sunan da za ta kama ba ne.

"Zubairu," in ji Asama'u a hankali.

Sailuba ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Ta rufe tukunyar, ta ce a miƙo mata itace.

Aka zuba siminti, aka ja waya. Cikin 'yan shekaru sunan garin ya koma Suleja, aka kafa allo a bakin hanya, 'yan makaranta suka riƙa zuwa da malamansu kallon ganuwa. Wasu sukan tambayi abin da ya sa kwatar ta miƙe sambal sannan ta yi ciki a wuri ɗaya. Mai gadin wurin yakan ce dutse aka tarar.

Damina ta farko ciyawa ta fito a cikin lanƙwasar. Sailuba ta tsaya a bakin waya ta dube ta kwana da kwanaki. Rannan ta samo doguwar gora, ta ɗaure tsintsiya a bakinta da tsumma, ta zura ta tsakanin wayoyin. Ba ta kai ko'ina sosai, ba ta kuma cire ciyawa, ganyen zogale kawai take turewa cikin kwata. Haka ta riƙa yi kowace safiya har ƙarfinta ya ƙare. In ta gama sai ta jingina gorar a jikin waya, ta je ta hura wuta.